Amsa: Hot Rats rock ne ko jazz?

Ɗan'uwa ka tambaya ko faifan Hot Rats na makaɗin Amurka Frank Zappa rock ne ko jazz, to gaskiya gauraye ne shi ya sa ya rikita ka. A 1969 ya fito, lokacin ya wargaza ƙungiyarsa Mothers of Invention sai ya tattaro makaɗa suka shiga situdiyo a Los Anjalas. Kiɗa 6 ne a ciki amma guda ɗaya tak ke da waƙa, wato "Willie the Pimp" da Captain Beefheart ya rera da muryar nan tasa mai kaushi, sauran duk zallar kiɗa ne ba baki.

Ni dai shawarata ka fara da "Peaches en Regalia", gajere ne kuma yana shiga kunne nan take. "The Gumbo Variations" kam sai ka yi haƙuri wallahi, dogo ne sosai, Ian Underwood na ta busa saksofon kamar ba zai daina ba kafin Sugarcane Harris ya shigo da gogensa na lantarki, wurin nan ne jazz ɗin ya fito ƙarara. Abin mamaki ma a Ingila faifan ya fi karɓuwa, a Amurka da ƙyar ya motsa a kasuwa.