Me Ya Sa Yaron Nan Yake Kuka Ana Tsaka Da Murna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Na ci karo da wani tsohon zane na ƙasar Holan, aikin Jan Steen, na wani iyali a ranar bikin Saint Nicholas. Kowa na fara'a, yaro ɗaya kuma na sharɓar kuka. Zanen ya tsaya mini a rai, amma ban gane abin da ke faruwa ba. Ta ina zan fara kallonsa?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, don zanen nan ba na gajiya da kallonsa. Steen ya yi shi ne tsakanin 1665 da 1668, yanzu yana gidan adana kayan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam. Ba wani babba ba ne, tsayinsa santimita 82.

A al'adar mutanen Holan ta wancan zamani, yara kan ajiye takalmansu a bakin murhu da dare, da safiyar 6 ga Disamba su tarar da kyauta a ciki, wai Saint Nicholas, wani waliyyin Kiristoci, ne ya kawo musu. Wanda ya yi ƙiriniya kuwa, tsumagiya ake saka masa. Abin da ya sami yaron da ke kuka ke nan. Duba bayansa, za ki ga wata budurwa ta ɗaga takalmin da tsumagiyar a ciki, ƙaninsa kuma na nuna shi da yatsa yana dariya.

Shawarata, ki bi hannuwa. Uwar ta miƙa nata biyu tana lallashin 'yar ƙaramar da ke tsakiya, ita kuwa ta ƙanƙame 'yar tsanarta, ga ɗan bokiti cike da kayan daɗi rataye a hannu, ta noƙe kafaɗa. Duk wanda ya taɓa cewa yaro "ɗan sam mini" ya san wannan noƙewar. Can gefe wani babban yaro ya saɓa jariri, yana nuna masa bututun hayaƙi, wai ta nan kyautar ta sauko. Ƙaramin da ke kusa da su ya ɗaga kai, baki buɗe. Shi kam ya yarda ɗari bisa ɗari, kuma fuskarsa ce duk mamakin yarinta da ke cikin zanen.

Amma ni inda idona ke komawa kullum shi ne can baya, wurin labule. Kakar yaran na tsaye tana murmushi, tana yafito mai kukan. Da alama ta ɓoye masa wani abu. Shi bai ma gan ta ba tukuna, yana ta murza ido. Mu masu kallo mun riga shi sanin cewa kukan ya kusa ƙarewa, shi ya sa zanen ke sa mutum murmushi da ƙwalla a lokaci guda. Ina ganin abin da ya kama ki ke nan: kin taɓa zama yaron, kin kuma taɓa samun mai yafito ki.

In za ki sake kallo, nemi babban allo ki faɗaɗa hoton. Fara daga kwandon gashe-gashen da ke ƙasa ta hagu, ki hau a hankali har ki isa ga hannun kakar.