Goggo, allura ta ɗauke min al'ada, ina jinin yake tafiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Goggo, ya aiki ya zafi. Ni matar aure ce a unguwar Yelwa nan Garwa, shekarata 27 yarana uku, na ƙarshen tiyata akayi aka ciro shi shine sajfam, wato ungozomar asibiti, tace lallai in huta, da yardar maigida na fara allurar tazarar haihuwa ta wata uku. Da farko jini ne yake ta ɗigo min kaɗan kaɗan har na rasa gane ranar sallah da ranar hutu, yanzu kuma ya ɗauke ɗif kusan wata biyar banga komai ba, ga rigunana duk sun matse ni. Uwar mijina tace jinin taruwa yake a ciki ya zama ƙari, maƙwabciyata kuma tace haihuwa ta tafi kenan. Wlh bana barci. Inason in ƙara haihuwa in yaron ya yi wayo, in bar allurar in koma ashanar hannu, wato 'yar sandar da ake sawa ƙarƙashin fata, ko ƙwaya? Daga Maman uku, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya miki su. Ki kwantar da hankalinki tukuna, babu jinin da ya taru a cikinki ko cokali ɗaya. Allurar nan, ko Depo-Provera ce ko ƙaramar da ake cewa Sayana Press, sinadarin da ke cikinta ɗan uwan wanda jikin mace yake yi ne in tana da ciki. Yana hana ƙwai fitowa, yana kaurara majinar bakin mahaifa, sannan shimfiɗar da mahaifa take yi duk wata, wadda ita ce take zubowa muce al'ada, sai tayi siriri har ya zama babu abin da zai zubo. Ki tambayi Inna a hankali cikin ladabi, mai ciki da take wata tara bata ga jini ba ina nata yake taruwa? Kusan rabin matan da suka shekara suna allurar haka al'adarsu take ɗaukewa, kuma ke da aka yanka kika zubar da jini wannan hutun ma riba ce a gareki. Ƙari kuwa ba allura ke kawo shi ba. Abu ɗaya dai, ki duba katinki na asibiti, in kin taɓa wuce ranar allura da fiye da sati huɗu kije ayi miki gwajin ciki kafin a ƙara miki wata.

Ita maƙwabciya ta ɗan taɓo gaskiya amma ta cika gishiri. Allura bata kashe haihuwa, sai dai tana da nawa wajen sakin mace, wannan shine aibinta da ni nake ganin ya kamata a riƙa faɗa wa mata tun ranar farko amma layi yayi tsawo a asibiti sajfam ɗaya mata arba'in, waye zai zauna yayi bayani. Daga allurar ƙarshe yawanci sai anyi wajen wata goma kafin ciki ya shiga, wata ma ta haura shekara, shine zakiga mace ta daina wata uku tana jira shiru sai dangin miji su fara ƙananan maganganu ita kuma ta fara bin masu jiƙe jiƙe alhali lafiyarta ƙalau. Toh ki yi lissafi da baya. Likitoci suna son mace ta huta shekara biyu kafin wani cikin, balle ke mai ɗinki a mahaifa, in kinason ciki ya shiga yaron yana shekara biyu da rabi sai ki tsaida allurar tun yana kusa da shekara biyu.

Ƙiba gaskiya ce, kilo ɗaya zuwa biyu a shekara ga yawanci, tana buɗe ciki ne.

Ashana kuma, Implanon sanda ɗaya ce shekara 3, Jadelle biyu ce shekara 5, daɗinta da an cire ta haihuwa ta dawo cikin 'yan satuttuka, amma in ɗigon jinin nan ne ya dame ki toh ita ma gwanar rikita al'ada ce. Ƙwaya irin Microgynon ita ce take dawo da al'ada kan tsari sai dai kullum ne a sha, kuma ba'a ba mai hawan jini, ko mai ciwon kan ɓari ɗaya da take ganin walƙiya a ido, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa, ko mai jegon da bata kai wata shida ba, ita Microlut ake bata. Dan Allah kar ki saya a teburin kasuwa inda ta sha ranar Afrilu, kije famasi ko asibiti a auna miki jini tukuna. Ni dai da 'yar cikina ce ke, tunda ɗigon ya tsaya kuma babu ciwo, zance ki zauna kan allurarki har lokacin da muka lissafa. Maganar sallah in ɗigo ya dawo ki kai wa malama, akwai hukuncin istihala a sarari. In kuwa jini ya ɓalle kina canza ƙunzugu duk awa, ko jiri, ko ciwon mara mai tsanani, asibiti a ranar.

TAMBAYA: Goggo ina da ashana a hannu, yanzu an ɗora ni kan maganin tarin fuka na wata shida, akwai matsala? Daga Kusiri.

AMSA: Akwai 'yata, Allah ya baki lafiya. Cikin maganin akwai rifampisin, yana sa hanta ta cinye sinadarin ashana da na ƙwaya da sauri, mace tana iya ɗaukar ciki da ashanar a hannunta. Kar ki tsaida maganin tarin ko na kwana ɗaya. Ki faɗa wa likitanki gobe goben nan, allurar wata uku ko robar mahaifa su maganin baya taɓa su, kafin nan maigida yasa kwaroron roba.