Amsa: Roka mai mutuwa idan ta ɗau zafi

Malam, ka ce tsohuwar rokarka, wato motarka ta ɗaukar kaya, tana tashi lafiya lau da safe, amma da inji ya ɗau zafi sai ta fara shiɗewa ta mutu, kuma ba ta sake tashi sai ta huce. Kada ka bari a sauke maka inji tukuna. Tunda mai shan gas ce, wato dizal, ka fara zargin famfon injekta, wanda ke tura gas cikin inji. Gas yana ƙara tsinkewa idan ya yi zafi, famfon da cikinsa ya cinye kuwa sai ya riƙa zubar da shi ta ciki, ya kasa tura wa nozul, masu fesa shi cikin inji, da ƙarfi. Gwajin ba ya cin ko sisi: da ta mutu, ka jiƙa tsumma ka lulluɓe famfon na ɗan lokaci, sannan ka murza makulli. In ta tashi, ka kama ɓarawonka. Amma fa ban da sheƙa masa ruwan sanyi kai tsaye.

Sharaɗi ɗaya, kafin ka nufi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa neman famfo, ka buɗe murfin tanki a daidai lokacin da ta mutu. Tawa ta taɓa yi mini haka da lodin masara, mun taso daga Dawanau da rana tsaka. Har na fara lissafin kuɗi, sai yaron motata ya kwance murfin, muka ji ya ja iska fuuu. Ashe ƙura ce ta toshe 'yar kafar da tankin ke numfashi, gas ya daina sauka. Da tsinken tsintsiya muka zokale ta.