Shin Daskarar da Kayan Inji Yana Ƙara Musu Ƙarko a Tsere?

Tambaya: Ina haɗa injin motar tsere. An ce in aka saka karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) da haƙoran giya cikin tsananin sanyi za su daɗe ba su lalace ba. Gaskiya ne? Zan iya tsoma su cikin ruwan naitirojin da kaina?

Amsa: Akwai gaskiya a maganar, amma kada ka tsoma su. Ruwan naitirojin yana da sanyin digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Ƙarfen da ya faɗa cikinsa kai tsaye, bayansa zai tsuke kafin cikinsa ya ji sanyin, sai ya tsage.

Lokacin da masana'anta ta gasa ƙarfe ta ba shi ruwa, kamar yadda maƙeri ke yi wa gatari, tsarin cikinsa yana sauyawa daga mai laushi, ostenait, zuwa mai tauri, matensait. Sauyin ba ya kammaluwa, musamman a fatar haƙoran giya da aka cusa wa kabon. Sanyin ne ke ƙarasa shi, shi ya sa ƙarfen ke rage saurin cinyewa.

A na'urar da kwamfuta ke sarrafawa, tururin naitirojin ke sauke sanyin sannu a hankali, kamar digiri 1 a minti, har kusan 185 ƙasa da sifili. A bar kayan haka awa 20 zuwa 24, su dawo zafin ɗaki a hankali, sannan a gasa su a kusan digiri 150. Wannan gashin wajibi ne, domin sabon matensait yana da gautsi; in an tsallake shi, haƙorin giya zai ɓalle a ƙarƙashin nauyi.

Matensait ya ɗan fi ostenait cin wuri, don haka awo na iya motsawa. A yi daskarewar kafin gogewar ƙarshe, a sake auna mazaunin boris. A cire duk roba, a kuma gwada tsagewa da maganaɗisu tun farko, don sanyi ba ya ɗinke tsaga.

Giya da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) da sifirin ɗin bawul ne suka fi cin moriya. Fistin na alminiyam ba shi da ostenait, ba zan ce ka kashe kuɗi a kansa ba. Kuma in mai ba ya kai wa karanshaf ne ya sa yake ƙonewa, famfon mai za ka fara dubawa.