Ƙwaya ko Reshe? Amsa ga Yarona Kan Ɓauren Turkiyya

Ɗana, ka ce ka sayi busasshen ɓauren nan na Turkiyya a kanti, ka ji zaƙinsa, ka tsame 'ya'yan da ke ciki kana so ka shuka a bayan ɗakinku. Kana tambaya ko za su tsiro. Za su tsiro sarai. Sai dai abin da zai fito ba shi ne wanda ka sha ba.

Tsohon iri ba ta ƙwaya yake tafiya ba, ta reshe yake tafiya. Baƙin ɓauren nan da ake kira Black Mission, 'yan mishan na Sifaniya ne suka kai shi Kalifoniya wajen 1769, kuma duk bishiyarsa da ke tsaye yau reshe ce da wani ya yanka ya miƙa wa wani. Ƙwaya kuwa caca ce. Kusan rabin abin da ya tsiro namiji ne, 'ya'yansa ba sa shawuwa. Matan ma kowacce da halinta.

Ga kuma babbar matsalar. Irin da Turkawa ke busarwa a yankin Aydin, Sarilop, ba ya riƙe 'ya'ya sai wani ɗan mitsitsin ƙwaro ya shiga cikinsu da garin fure daga namiji. Ka san ƙwarin da muke gani in mun ɓare ɓauren bakin rafi, har ake cewa mai shan ɓaure ba ya tona cikinsa? To, danginsu ne, amma kowane ɓaure da ƙwaronsa, namu ba ya yi wa wancan aiki. Manoman Kalifoniya sun sha wannan wahala. Sun dasa irin Izmir, wato dangin Sarilop ɗin nan, tun 1880, bishiyoyi suka yi ɓul-ɓul, 'ya'ya na kai girman goro suna zubewa, sai a 1899 da aka kawo ƙwaron daga Aljeriya aka samu kan abin. Kai wa zai kawo maka?

Saboda haka nemi reshen irin da ke nuna ba tare da ƙwaro ba, Black Mission ko Brown Turkey, daga bishiyar da ka ga 'ya'yanta da idonka. Kada ka yarda da sunan da aka rubuta a jikin leda.

Yanki reshen da ya ƙosa, kaurin ɗan yatsa, tsawon taƙi guda, mai ido uku ko huɗu. Cire ganyen. Farin ruwan da ke tsatsowa kamar nono yana cin fata, musamman a rana, kar ya kai idonka. Binne ido biyu cikin yashi mai ɗan taki, ido yana kallon sama, ka ajiye a inuwa. Ruwa kaɗan-kaɗan. Ni da ruwa na kashe na farkona, don ɗoki. Na zaro shi na tarar gindin ya yi baƙi, ɓawon na saluɓewa a hannuna. In ka ga ganye ya ɓullo cikin mako biyu kada ka yi murna ka ja shi ka duba; ganye kan riga saiwa, ita sai mako huɗu zuwa shida. Ka kula da gara.

Wajen dashe, ba shi rana sosai, nesa da katanga don saiwarsa mai yawo ce. Kar ka sa shi inda tumatir ya taɓa yin ƙulle-ƙulle a saiwa, tsutsar da ke sa wannan ƙullin tana son ɓaure. In ƙasarku haka take, rabin duro da sabuwar ƙasa ya fi.

Da damina za ka ga ganye ya yi tsatsa, wasu 'ya'yan su tsage. Kwashe ganyen da ya zuba ka ƙone. Kuma ɓaure ba mangwaro ba ne da za a tsinka ɗanye a rufe ya nuna. Jira wuyansa ya langaɓe ya rataya, ya yi taushi, sannan ka riga tsuntsaye da sassafe.

Ranar Asabar ka zo da almakashi, mu je ka yanki uku a jikin na bakin rijiya.