Tambaya da Amsa: Me ya sa taron ƙasa na Cadi bai kawo sulhun da aka sa rai ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina kai kaya Njamena daga Maiduguri. A shekarar 2022 mun ji ana ta shelar babban taron ƙasa wanda aka ce zai haɗa kowa da kowa a Cadi, amma ba a jima da tashi daga taron ba sai muka ji an harbe masu zanga-zanga. Ina aka samu matsala, alhali an ce an gayyaci kowa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bayan rasuwar Shugaba Idriss Deby a watan Afrilun 2021, sakamakon raunin da ya samu a fagen daga da 'yan tawayen FACT, sojoji suka ɗora ɗansa Mahamat Deby bisa mulki, da alkawarin riƙon ƙwarya na wata 18. Domin share fage, an shafe kusan wata biyar ana tattaunawa da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a Doha, babban birnin Katar, har kimanin ƙungiyoyi 40 suka sa hannu kan yarjejeniya ranar 8 ga Agustan 2022. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsofaffin madugan tawaye irin su Timan Erdimi da Mahamat Nouri sun dawo gida bayan shekaru suna gudun hijira. An buɗe taron a Njamena ranar 20 ga Agusta da wakilai kimanin 1,400.

Sai dai yawan kujeru a zaure ba shi ne haɗa kowa ba. Ƙungiyar FACT, wadda ita ce ta fi kowa ƙarfi a fagen yaƙi, ta ƙi sa hannu a Doha, kuma cikin sharuɗɗanta har da sakin mayaƙanta da ke tsare da kuma tabbacin cewa shugabannin riƙon ƙwarya ba za su tsaya takara ba. Ƙawancen farar hula na Wakit Tama da jam'iyyar ɗan adawa Succès Masra su ma sun ƙaurace, suna cewa an cika zauren da 'yan amshin shata. Wato waɗanda ke riƙe da bindiga a daji da waɗanda ke iya cika titi da matasa duk suna waje.

A ganina, babbar illar ita ce wanda ya kira taron shi ne kuma mai cin moriyar hukuncinsa. Taron ya tashi ranar 8 ga Oktoba bayan ya ƙara wa riƙon ƙwarya shekara biyu, ya kuma ba Mahamat Deby damar tsayawa takara, abin da Tarayyar Afirka ta yi kashedi a kansa tun farko. Ranar 20 ga Oktoba, wato ranar da wa'adin wata 18 ya cika, jama'a suka fito a Njamena da Mundu da wasu garuruwa. Gwamnati da bakinta ta ce kimanin mutum 50 sun mutu, masu kare haƙƙin ɗan Adam kuwa sun ce adadin ya zarce haka nesa, sannan aka kwashe ɗaruruwa zuwa kurkukun Koro Toro da ke tsakiyar hamada. Abin takaici ne matuƙa a ce taron sulhu ya ƙare da zubar da jinin matasa.

Idan ka dubi taron ƙasa da Nijar ta yi a 1991, za ka ga bambancin. A can wakilai sun rage wa shugaban ƙasa Janar Ali Saibou iko, suka naɗa Amadou Cheiffou firayim minista, kuma Saibou bai tsaya takara ba a zaɓen 1993 da Mahamane Ousmane ya lashe. Duk da haka taron bai kashe wutar tawayen Abzinawa ba, sai da aka zauna da su daban aka cimma yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995.

A Cadi, Masra ya dawo gida daga gudun hijira a ƙarshen 2023, ya zama firayim minista a farkon 2024, ya sha kaye a zaɓen watan Mayu wanda aka ce Deby ya samu kashi 61 cikin 100, sannan a 2025 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 20.