Hukuncin karanta ƙagaggen labari mai wa'azi da yi wa wasu tallarsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a wata Islamiyyar matan aure a unguwar Zariya, nan Maradi. Mu kusan goma muna musayar littattafan labari masu wa'azi, wasu daga Kano ake kawo su, wasu a waya ake turo mana. Wadda ta karanta ta ji daɗi sai ta ce wa saura su nema. To yayar mijina ta ce duk ƙarya ce aka shirya, mai karantawa da mai tallatawa zunubinsu ɗaya. Wasunmu sun daina, wasu sun ce ai ya fi kallon fim. Ina gaskiyar take?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, yayar mijinki ba da ka ta yi magana ba. Akwai malaman da suka hana, hujjarsu hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa azaba ta tabbata ga mai ba da labari yana ƙarya don ya ba mutane dariya. Sai dai abin da ya rinjaya a wurina shi ne halacci. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da bai faru ba kana son a ɗauka ya faru. Marubuciyar da ta ƙago labarin wata yarinya da kishiyar uwarta, ita ta san babu su, ke mai karatu kin sani, ba wanda aka yaudara. Buga misali ne, kuma Alƙur'ani ya buga: a Suratuz Zumar aya ta 29 an kawo bawan da iyayengiji masu jayayya suka yi tarayya a kansa, da wanda ubangidansa ɗaya ne.

Mu da muka yi karatun zaure ma muna da shaida a hannu. Muƙamatul Hariri, wanda mai shi ya rasu a 516 bayan Hijira, ƙagaggun labarai hamsin ne na wani Abu Zaid, amma a gaban manyan malamai muka durƙusa muka karance shi don sanin lugga, ba mu ji wanda ya kira shi zunubi ba.

Inda nake jin tsoro daban ne. Kwanakin baya wani ɗalibina ya kawo mini irin littafin nan, bangonsa da hoton yarinya cikin hijabi, matarsa ta ninke wani shafi. A shafin, mijin tauraruwar ya juya mata baya, sai wata tsohuwa ta ce mata Annabi ya ce duk wadda ta karanta sura kaza ƙafa 41 a ruwa ta ba miji, zai dawo. Na bincika, hadisin ba shi da asali, ga shi matar ɗalibin har ta fara aiki da shi. Wannan ya fita daga ƙagaggen labari ya shiga yi wa Manzon Allah (SAW) ƙarya, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito cewa mai yin sa da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Kyakkyawar niyya ba ta wanke shi. An yi masu ƙirƙirar hadisan falalar surori tun da can, suna cewa don su jawo mutane ga Alƙur'ani suka yi, malaman hadisi ba su karɓi uzurin ba. Haka hukuncin yake ga sanya magana a bakin wani annabi ko sahabi, ko ƙago abin da ya faru a kabarin wani a ce gaske ne. Littafin da ya cika da siffanta shimfiɗar aure kuwa, ayar da aka liƙa masa a shafin ƙarshe ba ta halatta shi.

Batun talla, faɗin "ki nemi littafi kaza" shaida ce kika bayar. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi nuni ga alheri yana da kwatankwacin ladan mai aikata shi, ya kuma ruwaito cewa mai kira zuwa ga ɓata yana ɗaukar kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi. Don haka kada ki tura abin da ba ki karance ba, ko da aminiyarki ce ta yabe shi. In kin ci karo da "Annabi ya ce", ki kai wa malamarku ta duba kafin ya wuce hannunki. In labarin mai kyau ne amma da kuskure guda, ki faɗi shafin lokacin da kike miƙawa. Hukuncin tsarki, saki da idda kuma a Ahalari da Risala za ku neme shi, marubucin labari ba mufti ba ne.

Waɗanda suka daina ba su yi laifi ba, kada a matsa musu. Ku masu ci gaba, kada ya ci lokacin salla, hadda ko haƙƙin maigida. Yayar mijinki kuma ki kai mata wannan bayani cikin ladabi, ku biyu kawai. Wallahu a'alam.